Lasifikar Tsohon Rediyo: A Gyara Ko A Sauya?

Wanda ya buɗe bayan rediyon Philco ko Zenith na shekarun 1930 ya tarar lasifikar ta yage, ko ma babu ita, abin da zai fara zo masa shi ne ya sayo sabuwa ya ɗaura. Wannan gaggawa tana iya lalata rediyon, domin lasifikar wancan zamani ba fitar da sauti kaɗai take yi ba. Lokacin da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka bayyana ƙirar lasifikarsu a 1925, maganaɗisun dindindin mai ƙarfi da araha bai samu ba tukuna. Sai aka riƙa naɗa siririyar wayar tagulla a jikin ƙarfe, wutar rediyon ta bi ta ciki ta mai da shi maganaɗisu. Masu ƙira kuma suka ɗora wa wannan naɗi aiki na biyu, wato tace wutar don kashe ƙugi. Idan aka cire shi hanyar wuta ta yanke, idan kuma aka haɗe wayoyin kai tsaye, wuta ta yi wa sauran kayan yawa.

Saboda haka gyaran ta asali ya fi. Takardar lasifikar da ta tsage ana liƙe ta da gam mai laushi, wadda ta ruɓe a sake mata sabuwa, kuma naɗin da ya tsinke ana iya sake naɗa shi. Abin da ya ɓace, kamar ƙaramar taransifoma da ake ɗaurewa a jikin lasifikar, akan samo shi daga mataccen rediyo irinsa.

Wani zai ce sabuwar lasifika ta fi araha, sautinta kuma ya fi tsabta. Batun araha gaskiya ne, kuma idan ta asalin ta ɓace gaba ɗaya babu laifi a sauya. Sai dai dole a biya bashin naɗin nan da rizista mai juriya daidai da tasa. Misali, naɗi mai om 1,500 da ke ɗauke da miliam 60 yana cinye bolt 90, wato zafin wat 5.4, don haka rizistan ya zama na wat 10, a kuma ƙara girman kafasiton tace wuta tunda rizista ba ya tace wuta kamar naɗi. Batun sauti kuwa, tashoshin matsakaicin zango ba sa aiko da siraran sautukan da sabuwar lasifika take taƙama da su, sai dai ta ƙara fito da hayaniyar iska.