Ba duk kanwar ba ce ja: Ilimin gane ma'adinai daga teburin Moduganari zuwa ɗakin gwaji

A unguwar Moduganari da ke birnin Maiduguri, kamar sauran unguwannin garin, da wuya mutum ya wuce teburin mai kayan miya bai ga wasu 'yan duwatsu masu ruwan toka a gefen daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa ba. Kusa da su akwai ƙullin gishiri, wani lokaci har da tozali a 'yar kwalba. Babu mai kiran waɗannan kaya da sunan ma'adinai, alhali kuwa su ne ma'adinan da suka fi kusa da jikinmu: biyu muna ci, ɗaya muna zizara wa jarirai a ido.

Uwargida idan za ta sayi kanwa takan juya ta a hannu, ta kankare gefenta da farce, ta ɗan taɓa a harshe kafin ta biya. Abin da ɗalibin sashen nazarin ƙasa da duwatsu na Jami'ar Maiduguri ke fara koyo ke nan: launi, tauri, nauyi, yanayin fashewa da ɗanɗano. Wannan sani na gado yana da ƙarfi ƙwarai, amma yana da iyaka, kuma rashin sanin iyakar tasa ya taɓa jawo asarar rayuka a Arewa.

Daga gaɓar tafki zuwa tukunya

Kanwa 'yar Tafkin Chadi ce. Kogunan Shari da Logon ne ke kawo mafi yawan ruwan tafkin, shi kuwa ba shi da kogin da ke fitar da ruwansa zuwa teku. Wani ɓangare na ruwan yakan tsotse ta ƙarƙashin rairayi, ya ɓullo a kwarurukan da ke tsakanin tuddan yashi na ƙasar Kanem. Idan rana ta ƙone shi, sai ya bar wani ɓawo mai kauri, wanda ake fasawa a ciro shi falle-falle.

Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa Salt of the Desert Sun na 1986, ya bi sawun wannan ciniki na tsohuwar daular Barno. Mutanen Buduma ne ke tsallako da kanwar Kanem a kwale-kwale zuwa gaɓar yamma, inda Baga ta zama babbar tasha. Ita ce ake kira ungurnu, sunan da ta aro daga garin Ngurno. Daga ƙasar Manga da Muniyo, a kudu maso gabashin Nijar ta yau, ake samun farar kanwa da jar kanwa da gwangwarasa da gishirin mangul, Bilma kuma ta aiko da kantu da beza a bayan raƙuman azalai.

Fatake sun rarrabe waɗannan kaya tun kafin a gina ɗakin gwaji ko ɗaya a yankin. Sun san wadda ta dace da miya, da wadda ake ba dabbobi, da ta majema, da ta masu cin taba. Bahaushe ya ce "duk kanwar ja ce" idan yana nufin babu bambanci, amma babu falken da ya taɓa yarda da haka a kasuwa.

Farce, wuƙa da bayan tayil

Launi shi ne shaida ta farko, kuma shi ne mafi rauni. Sinadarin da ya fi yawa a kanwar dutse, wanda masana ke kira tirona, fari ne ko garai-garai idan babu gauraye. Laka da sauran abubuwan da suka shiga cikinsa ne ke ba shi ja ko ruwan toka. Don haka masana suka fi amincewa da launin gari: a goga dutsen a bayan tayil, inda ba shi da santsi, a dubi layin da ya bari.

Shaida ta biyu ita ce tauri. A 1812 wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai goma daga mafi laushi zuwa mafi tauri, kowanne yana karce na ƙasa da shi. Dutsen da ake hoda da shi na mataki na 1, daimon na mataki na 10. Farcen mutum yana wajen 2.5, bakin wuƙa da gilashi wajen 5.5. Kanwa da gishiri duk suna kusa da ƙarfin farce, shi ya sa uwargida ke iya kankararsu. Idan ta ji wani abu yana ƙi, yana kuma karce gilashi, to yashi ne ko tsakuwa aka sayar mata a farashin kanwa.

Ta uku ita ce yanayin fashewa. Gishirin dutse yakan fashe zuwa 'yan dunƙule masu kusurwa daidai wa daida kamar sukarin ƙwaya. Tirona kuwa takan fito da zane-zane kamar tarin allurai da aka manne wuri ɗaya.

Ta huɗu ita ce nauyi idan aka gwada da na ruwa. Wannan awo tsoho ne a wurin malaman Musulunci. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya ƙera wani mazubi da yake auna ruwan da dutse ya ture, ya kuma samu cewa zinare ya ninka ruwa nauyi kusan sau 19. Awon zamani ya ba da 19.3. Da wannan kaɗai ake raba zinare da fairayit, dutsen nan mai ƙyalli da ke yaudarar sababbin mahaƙa, wanda nauyinsa bai wuce ninki 5 ba. Wuƙa tana yankar zinare, guduma ta baje shi. Fairayit kuwa ya fi wuƙa tauri, guduma farfasa shi take yi, layinsa a tayil kuma baƙi ne mai sirkin kore.

Lemon tsami da zoɓo

Akwai gwajin sinadari da ba ya buƙatar komai sai abin da ke cikin madafa. A ɗiga ruwan lemon tsami ko na tsamiya a kan kanwa, nan take za ta yi kumfa tana sheƙa, domin tsami yana sakin iskar kabon da ke ɗaure a jikinta. A ɗiga a kan gishiri, jiƙewa kawai zai yi. Haka kuma idan aka zuba ruwan kanwa a cikin jan zoɓo, launinsa zai juye ya yi duhu, ya karkata zuwa kore, alamar cewa kanwa kishiyar tsami ce. Wannan hali nata ne ke sa wake saurin nuna, ya ƙara wa kuɓewa yauƙi, ya kashe tsamin gasara.

Gwaji na ƙarshe na wuta ne. Duk mai girki da gas ya taɓa ganin ruwan miya ya zuba, harshen wutar ya koma ruwan ɗorawa. Sinadarin sodiyam ne ke ba da wannan launi. Fotasiyam kuwa launin shuni-shuni mai haske yake bayarwa. Idan aka sa garin kanwa a wuta, ruwan ɗorawa ake gani, kuma a nan ne wani tsohon kuskure ke tonuwa.

Sunan da ya ɓatar da mutane

A Turancin Najeriya ana kiran kanwa fotash, sunan da ya bi ta har Kudu, inda Yarabawa ke ce mata kaun, Ibo kuma akanwu. Sunan na nuna cewa fotasiyam ne a cikinta, alhali kusan duk ƙarfinta sodiyam ne. Fotash na ainihi shi ne ruwan toka da iyayenmu ke tacewa daga ƙonannen kara. Kanwa kuwa dangin natarun ce, wadda Misirawan dauri ke ɗebowa a Wadin Natarun suna busar da gawarwakin sarakunansu, kuma daga sunanta aka samo alamar Na da ake rubuta wa sodiyam a littattafan kimiyya.

Wannan ba gardamar suna kawai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 2 na sodiyam a rana, kwatankwacin giram 5 na gishiri. Mai hawan jini da likita ya ce ya rage gishiri, idan ya ci gaba da shan kunun kanwa yana zaton wani abu ne daban, ya rufe ƙofa ne ya bar taga a buɗe.

A shekarun 1970, likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bibiyi mata sama da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Sun ɗora zargi a kan haɗuwar abubuwa uku: wankan jego da ruwa mai zafi, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan kunun kanwa, wanda ke tara ruwa a jiki ya ƙara wa zuciya lodi. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitocin Najeriya, wanda aka wallafa a 2020, bai samu alaƙa tsakanin ciwon da waɗannan al'adu ba, ya fi nuni ga rama da hawan jinin masu juna biyu da rashin ilimi. Ke nan ba za a yi gaggawar cewa kanwa ce uwar gami ba. Abin da babu jayayya a kansa shi ne sodiyam ɗin da ke cikinta, kuma mai jegon da ƙafafunta suka kumbura ko numfashi ke yi mata wuya asibiti take buƙata, ba ƙarin kunu ba.

Tozali: kama da wane ba ta wane

Haɗarin ya fi girma a 'yar kwalbar tozali. Duwatsu biyu ne aka fi dangantawa da kwalli: na antimoni da kuma galina, wato uwar dalma. Dukkansu baƙaƙe ne masu ƙyallin ƙarfe, dukkansu masu laushi. Idan suna dunƙule ana iya raba su. Galina ta ninka ruwa nauyi sau 7.5, tana fashewa mai kusurwa kamar gishiri. Dutsen antimoni bai wuce 4.6 ba, yana da siffar dogayen allurai, harshen kyandir ma yana narkar da shi. Galina kuwa tana nan a ƙasarmu, ana haƙo ta a Zurak ta Jihar Filato da yankin Abakaliki ta Jihar Ebonyi. Da zarar an niƙa dutsen ya zama gari, duk waɗannan shaidu sun ɓace.

A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun samu dalma mai yawa a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Najeriya. Da aka bi diddigi, sai aka gano kwallin da ake sa masa ne, wanda aka sayo daga gida. Rahoton Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Amurka ya nuna kashi 82.6 cikin 100 na garin dalma ne. Jariri yakan murza ido ya kai hannu baki, dalma kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta hanyar da ba a iya gyarawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa.

Zamfara ta ga wannan da idonta. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Bagega. Duwatsun zinaren da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gida suna ɗauke da dalma mai yawa, ƙurar ta bi ƙasa da abinci da hannuwan yara. Aƙalla yara 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka mutu. Mahaƙan sun ƙware wajen gane dutse mai zinare. Abin da ke tare da zinaren ne babu wanda ya koya musu ganewa.

Inda aikin ido ya ƙare

Daga nan sai na'ura. A aikin tsabtace ƙauyukan Zamfara an yi amfani da wata na'urar hannu mai harba hasken eksire, wadda ke nuna ƙarafan da ke cikin ƙasa a 'yan daƙiƙoƙi. Hukumar Binciken Ƙasa da Ma'adinai ta Najeriya, wadda tushenta ya koma 1919, tana da babban ɗakin gwaji a Kaduna. Maiduguri kanta tana da jami'a tun 1975, da sassan kimiyyar sinadarai da nazarin duwatsu. Ilimin yana nan, tazarar da ke tsakaninsa da teburin mai kayan miya ce ba a cike ba.

Cike ta ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Hukumomin lafiya da jami'a za su iya ɗibar samfurin tozali da kanwa daga Kasuwar Monday Market da ta Baga Road lokaci-lokaci, su auna, su sanar da sakamakon a rediyo da Kanuri da Hausa. Malamin kimiyya a sakandare zai iya koyar da darasin ma'adinai da kanwa, gishiri, lemon tsami da zoɓo, maimakon zanen duwatsun da ɗalibi bai taɓa gani ba. Ma'aikaciyar jinya a wurin awon ciki za ta iya ƙara jumla ɗaya: kanwa ma gishiri ce a wurin zuciya.

Kafin a kai ga haka, akwai ƙa'idoji uku da kowane gida zai iya riƙewa. Kada a ɗanɗana dutsen da ba a sani ba, musamman mai ƙyallin ƙarfe da nauyin da ya fi girmansa. Kada a daka ko a niƙa dutsen haƙa a inda yara ke wasa ko ake girki. Kada a sa wa jariri kwallin da ba a san asalinsa ba.

Uwargidan Moduganari da ke kankarar kanwa da farce ta gaji ilimin da ya riƙe kasuwancin Barno ɗaruruwan shekaru, kuma a kan kanwa da gishiri hukuncinta daidai ne. A kan baƙin garin da ke cikin kwalbar tozali kuwa, farce da harshe ba su da abin cewa, sai an kai shi ɗakin gwaji.