An fitar da bairos, kwamfuta ta ƙi aiki: kada ka yi saurin yarda da fomat

Ranar wata Talata bayan la'asar yaron mai gyara ya miƙo mini kwamfutata da fulash ɗina, yana murmushi. Ya ce, "Alhaji, an gama, duk na kashe su." Na ba shi jika biyar na sefa, na tare zemijan, wato ɗan acaɓan Kwatano, na nufi gida Zongo ina hamdala. Da na yi sallar magariba na kunna ta na soka fulash, sai na ga wayam. Ko folda ɗaya babu.

A cikin fulash ɗin nan littafin bashina yake. Duk wanda ke sayar da atamfa a Dantokpa ya san abin da nake nufi. Mutum zai zo daga Malanbil ko Gaya ko Maraɗi ya ɗauki kaya, ya ba da rabi, sauran sai ya sayar. Shekara uku ke nan da ɗana ya mayar mini da lissafin cikin Excel, ni kuma na yi watsi da littafin takarda. Wai don tsaro ma na kwashe shi daga kwamfutar na ajiye a fulash, tunda yara suna taɓa ta. Ga kuma hotunan aikin hajjin mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, waɗanda ba su a wayar kowa.

Yadda abin ya faro ba wani baƙon labari ba ne. Autana ya ari fulash ɗin ya je shagon buga takardu don aikin makaranta. Da ya dawo, foldodin duk sun koma shotkot, waɗannan masu 'yar kibiya a gefe. In ka danna suna buɗewa, amma kwamfutar ta yi nauyi kamar jakin da aka labta wa gishiri. Shi ya sa na kai ta gyara.

To yanzu an yi gyaran, matsala ta zama uku. Fulash babu komai. Intanet ya ƙi buɗewa a kwamfutar, alhali wayoyin gidan duk suna aiki da wannan wayifai ɗin. Sannan duk lokacin da aka kunna ta sai wani ɗan akwati ya fito yana cewa an nemi wani fayil ba a same shi ba. Washegari na koma wurin yaron. Bai ko ɗaga kai sosai ba ya ce, "Sai fomat, Alhaji. Kwamfutar da fulash ɗin duka. Bairos ya riga ya cinye."

Saura ƙiris in ce ya yi. Abin da ya hana ni, ban zo da kuɗin ba. Da na koma gida na faɗa wa uwargida, sai ta ce, "Alhaji, kafin a goge, a bari 'yar gidan Malam ta duba mana, ai karatun abin take yi a jami'a." Gaskiya raina bai kwanta ba. Yarinyar da aka yi sunanta a gabana, ita za ta gyara abin da ya gagari mai shago? Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ta zo bayan isha'i da ƙaninta, ta gaishe mu, ta zauna. Abu na farko da ta yi, ta danna fulash ɗin da maɓallin dama na linzami ta duba nauyinsa. Ta ce, "Baba, ka ga nan? An ce giga shida a cike suke. In da an cinye kayanka, da ya nuna fanko. Suna nan, ɓoye su aka yi."

Ta yi mini bayani yadda na gane, ni ma ga shi yadda na riƙe. Irin wannan bairos na fulash ba ya goge komai. Yana ɗora wa foldodinka alamar ɓoyewa da alamar cewa kayan Windows ne na ciki, waɗanda ba a nuna wa mai amfani. Sai ya ƙirƙiri shotkot masu sunayensu, domin duk lokacin da ka danna ka tashe shi. Manhajar kashe bairos tana cire shi, ta cire shotkot ɗin, amma sau da yawa ba ta ɗage alamar ɓoyewar. Kamar an kama ɓarawo ne a cikin gida, an tafi da shi, amma kwaɗon da ya sa wa ɗakunanka yana nan. Aikin manhajar kama ɓarawo ne, buɗe ɗakuna kuma sai an zo an yi shi daban.

A wurin bincike na Windows ta rubuta cmd, ta buɗe shi da izinin mai iko da kwamfuta. Ga masu Windows na Faransanci irin namu a Benin da Togo da Nijar, an rubuta "Exécuter en tant qu'administrateur". 'Yan'uwanmu na Kumasi da Akara za su ga "Run as administrator". Wani baƙin allo ya fito, ta rubuta wannan:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Harafin E shi ne sunan da kwamfutata ta ba fulash ɗin. A taka yana iya zama F ko G, sai ka duba kafin ka rubuta, kuma kada ka kuskura ka sa C, domin nan ne cikin Windows kansa. Ga masu kibod na Faransanci, wannan sandar da ta karkata baya tana fitowa ne in ka riƙe AltGr ka danna 8. Ni da na gwada da kaina daga baya, neman ta kawai ya ci mini minti goma.

Ba a yi minti biyu ba ta buɗe fulash. Foldodi suka fito, har da wata marar suna, wadda a cikinta aka tara mafi yawan kayan. Na ga fayil ɗin bashi, na ga hotunan Hajiya. Uwargida ta fara kabbara, ni kuwa na kasa cewa komai.

Na ce ta ci gaba da sauran. Ta ce a'a, sai an kwafe waɗannan zuwa wani wuri tukuna. Aka aiki ƙaninta ya ɗauko sabon fulash, ta kwashe takardu da hotuna kaɗai, ta bar duk wani fayil da sunansa ya ƙare da exe ko vbs ko lnk, domin a irinsu cutar take laɓewa. Wannan ne abin da na fi riƙewa a daren, kuma shi ne mai gyaran bai ko ambata ba.

Maganar intanet ba ta ɗauki lokaci ba. Tunda wayoyi suna aiki, ta ce laifin ba na layi ba ne. Wasu bairos suna karkatar da hanyar intanet ɗin kwamfuta ta bi ta wurinsu, don su ga abin da kake yi ko su cusa maka talla. In an cire su, kwamfutar tana ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa a bayanta. Ta shiga saitin intanet, wurin da aka rubuta Proxy, ta tarar an kunna shi da wani adireshi da ba mu san shi ba, ta kashe. Ta koma baƙin allon ta rubuta netsh winsock reset, ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa. Shafuka suka buɗe.

Akwatin nan mai fitowa kuwa, ashe albishir ne. Bairos ya rubuta sunansa cikin jerin abubuwan da ke tashi tare da Windows. An cire shi, sunan ya rage, shi ne Windows ke kiransa ba ya amsawa. Da wata 'yar manhaja ta kyauta ta kamfanin Microsoft mai suna Autoruns ta gano layin ta cire. A nan ta gargaɗe ni kada in shiga ina cire abin da ban sani ba, domin akwai layukan da in ka taɓa su kwamfutar ba za ta tashi ba. Daga ƙarshe ta rubuta sfc /scannow, wanda ke bin fayilolin Windows ɗaya bayan ɗaya yana maye gurbin waɗanda suka lalace. Wannan ya ɗan jima, har aka sha shayi.

Ba na son in zalunci yaron mai gyara. Fomat yana da ranarsa, kuma ita kanta ta ce in bayan duk wannan kwamfutar ta ci gaba da abin da ba a gane ba, goge ta a sake zuba Windows ya fi kwanciyar rai. Matsalar ita ce a wurin da yawa daga cikin masu shagunan nan fomat ne maganin kowace cuta, saboda ya fi sauri, ga layin mutane na jira. Shi kwamfuta yake gani, kai kuma ka san abin da ke cikinta. Saboda haka in an ce maka sai fomat, ka tambaya: an kwashe kayana? A nuna maka su a wani fulash, ka buɗe biyu ko uku da idonka, sannan ka ce bismilla.

Akwai kuma irin da wannan dabarar ba ta yi masa komai. In ka ga fayilolinka suna nan amma an ƙara wa sunayensu wata baƙuwar jela, sun ƙi buɗewa, ga wata takarda ana neman ka biya daloli, to masu garkuwa da bayanai ne suka kulle su. Cire bairos ɗin ba ya buɗe su. Kada ka goge, ka adana su a gefe. Tun 2016 'yan sandan Turai da wasu kamfanonin tsaro suka buɗe wani shiri mai suna No More Ransom, inda ake samun mabuɗin wasu nau'o'in kyauta, ko da yake ba duka ba. Irin wannan yakan shigo ta manhajojin sata da ake saukewa kyauta, waɗanda yaranmu suka fi so.

A nan ne ta taɓo inda yake mini ciwo. Windows ɗin da ke kwamfutata ma na sata ne, haka na saye ta, kuma wanda ya zuba shi ya kashe Microsoft Defender don kada ya kama dabararsa. Wato shekara da shekaru gidan ba mai gadi. Ta ƙara da cewa Microsoft ya daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinsa na gama-gari ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Duk mai tura kuɗi ko shiga asusun banki da irin waɗannan, ya san a kan me yake zaune.

Kafin ta tafi ta sa na canza kalmomin sirrin imel da Facebook, amma daga wayata, ba daga kwamfutar ba. Na ɗauko kuɗi ta ƙi karɓa, ta ce, "Haba Baba, ai kunya sai ta kashe ni." Da safe uwargida ta zaɓi turmi ɗaya mai kyau ta kai gidansu da kanta.

Yanzu lissafin yana wuri uku: kwamfuta, fulash da ke kulle a akwatina, da sabon littafin takarda da nake cikewa duk Juma'a. Yara kuma na saya musu nasu fulash na zuwa shagon buga takardu, ba ya shiga kwamfutar sai an bincike shi. Sati biyu bayan haka wani abokin cinikina na Malanbil ya kira ya ce a lissafinsa turmi arba'in ya rage in bi shi. Na buɗe fayil ɗin na karanta masa ranar da lambar motar da aka ɗora kayan. Sittin ne.