"Jikina Ya Ba Ni": Inda Zuciyar Ɗan Kasuwa Ke Faɗa Masa Gaskiya Da Inda Take Yaudararsa

Akwai wata tsohuwar gardama a tsakanin 'yan kasuwa wadda har yanzu ba a raba ta ba. Wani sashe yana ganin kasuwanci baiwa ce, mai ido yakan hango riba tun kafin mai alƙalami ya gama lissafinsa. Ɗaya sashen kuwa yana ganin duk wanda ya zuba dukiyarsa bisa dalilin "jikina ya ba ni" caca yake yi, ko da bai sani ba. Kowane sashe yana da attajiran da zai kafa hujja da su, yana kuma da sunayen waɗanda suka karye a ɗaya ɓangaren. Binciken da masana suka gudanar a cikin shekaru 70 da suka wuce ya kawo wata tambaya da ta fi wannan gardama amfani, wato a wace makaranta ne wannan jikin da ke ba mutum labari ya yi karatu?

A ɗauki dillalin shanu a kara, a Potiskum ko Maigatari ko Wudil. Zai zagaya sa sau ɗaya, ya taɓa tozo, ya dubi haƙori da tafiya, sannan ya faɗi abin da mahauci zai samu a jikinsa, kuma da wuya ya yi nisa da gaskiya. In aka ce ya bayyana yadda ya yi, sau da yawa ba zai iya ba. Amma ba duba yake yi ba. Ya ga dubban shanu, kuma duk ƙiyasin da ya taɓa yi, cikin kwana biyu ko uku wuƙar mahauci ta nuna masa ko ya dace ko ya kuskure. Herbert Simon, masanin nan na Amurka da ya sami lambar yabo ta Nobel kan tattalin arziki a 1978, ya bayyana irin wannan jin jiki da cewa ganewa ce kawai: ƙwaƙwalwa ce ta ga abin da ta saba gani, ta kawo amsa kafin harshe ya sami dalili.

Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Gary Klein ya bi shugabannin 'yan kwana-kwana a Amurka tun daga shekarun 1980 domin ya ga yadda suke yanke shawara a cikin wuta. Ya ba da labarin wani jami'i da ya shiga gida da mutanensa suna watsa ruwa ga abin da suka ɗauka gobarar ɗakin girki ce. Nan take ya ji hankalinsa bai kwanta ba, ya umarci kowa ya fita, kuma suna fita daɓen da suke tsaye a kai ya rufta, domin ainihin wutar tana ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne. Sai daga baya ya tuna cewa zafin ya yi yawa, wutar kuma ta yi shiru fiye da yadda ya saba ji. Shi kuwa Daniel Kahneman, wanda ya sami lambar Nobel a 2002, ya shafe rayuwarsa yana tattara hujjojin yadda zuciya ke yaudarar ƙwararru. Mutanen biyu sun zauna shekaru suna tankaɗe da rairaya, kuma a 2009 suka fitar da matsaya guda. Jin jiki abin dogaro ne in an cika sharuɗɗa biyu: fagen ya kasance mai tsari, inda alama iri ɗaya takan haifar da sakamako iri ɗaya, sannan mutum ya daɗe yana gwadawa yana ganin sakamakon da wuri. Sun kuma yi gargaɗin da ya fi muhimmanci ga mai dukiya, cewa ƙarfin natsuwar da mutum ke ji a ransa ba ya nuna ko yana kan daidai. Mai gaskiya da wanda ya ɓata hanya, natsuwa iri ɗaya suke ji.

Tarihin Kano yana da misalin da gogewa ta kayar da lissafin takarda. Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga sufurin kaya a 1912, masu masaƙun Ingila sun riga sun gama lissafinsu cewa auduga ce jirgin zai riƙa kwasa. Ƙungiyarsu ta bunƙasa noman auduga, wadda aka kafa a Manchester a 1902, har ta girka injin gurza a Zariya. Abin da ya cika tashar Kano kuwa gyaɗa ce. Masanin tarihin tattalin arziki Jan Hogendorn, wanda ya wallafa bincikensa kan wannan al'amari a 1978, ya nuna dalilan. Masaƙan gida suna biyan auduga fiye da farashin da Turawa suka yanka. Gyaɗa tana da kasuwa a Turai saboda masu sarrafa mai. Ta fi sauƙin aiki, kuma in shekara ta ɓaci manomi zai iya cin abarsa, abin da ba a yi da auduga. Fataken goro irin su Alhassan Dantata da Umaru Sharubutu da Maikano Agogo sun san manoman, sun san wanda za a ba kuɗi kafin kaka ya cika alkawari, domin shekaru suka yi suna harkar amana tsakanin Kano da Gwanja. Ba su rubuta rahoto ba, amma abin da suka sani ya fi abin da ke cikin rahoton. A 1918 kamfanin Niger Company ya ɗauki Dantata wakilin sayen gyaɗa, kuma kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma.

Sai dai wanda zai kafa hujja da wannan labari ya lura cewa waɗannan bayin Allah a cikin gonarsu suke. Matsalar takan taso ne ranar da mutum ya ɗauki idon da ya horu a Kantin Kwari ko Dawanau ya shiga da shi fagen da bai taɓa koya masa kome ba.

Abin da ya faru ke nan a kasuwar hannun jari ta Nijeriya. Bayan da Babban Banki a 2004 ya tilasta wa kowane banki ya mallaki jarin naira miliyan dubu 25, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25 a ƙarshen 2005, aka yi ta sayar wa jama'a hannun jari. Farashi ya yi ta hawa har shekara uku. 'Yan kasuwa da ma'aikata da 'yan fansho, duk wanda ya saya ya ga riba, kowa kuma ya ɗauka idonsa ne ya yi aiki. Bankuna suka shiga ba da rance domin a sayi hannun jari, jinginar kuma ita ce hannun jarin da aka saya. A ranar 5 ga Maris 2008 ma'aunin farashin kasuwar ya kai maki 66,371, darajarta ta haura naira tiriliyan 12. A ƙarshen wannan shekara ya sauko zuwa 31,450, a ƙarshen 2009 kuma 20,827. Kasuwar ba ta sake taka matsayinta na 2008 ba sai a watan Agusta 2023, bayan shekara 15, kuma a wannan tsakanin dala ta tashi daga wajen naira 118 zuwa sama da 700. Shekara uku na hawan farashi ba makaranta ba ce. Darasi guda ne aka yi ta maimaitawa, kuma darasin ƙarya.

Adalci ne a ce masu alƙalami ma ba su tsira ba a wannan karon. Da yawansu sun karanta rahotannin shekara-shekara na bankuna sun ga riba a rubuce. A watan Agusta 2009 ne binciken Babban Banki, a ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya bankaɗo tarin basussukan da ba za su biyu ba, aka sauke shugabannin bankuna biyar, aka zuba musu naira miliyan dubu 420 domin kada su durƙushe. Lissafi ba ya wuce ingancin alƙaluman da aka ɗora shi a kai. Wanda ya san wannan yakan fara da tambayar wa ya rubuta takardar, kuma me zai samu in an gaskata ta.

Wannan rauni ba na 'yan Nijeriya kaɗai ba ne. Brad Barber da Terrance Odean sun duba asusun gidaje 66,465 a Amurka daga 1991 zuwa 1996. Waɗanda suka fi yawan saye da sayarwa, wato waɗanda suka fi amincewa da hasashensu, sun sami ribar kashi 11.4 cikin ɗari a shekara, alhali kasuwar gaba ɗaya ta ba da kashi 17.9.

Akwai kuma inda lissafin minti biyar ya isa ya ceci mutum. Shirin MMM ya yi wa jama'a alkawarin kashi 30 cikin ɗari a kowane wata. In aka bar naira 100,000 tana haihuwa a haka, cikin shekara guda za ta haura naira miliyan 2 da dubu 300. Babu fataucin halal da ke ninka uwar kuɗi sau 23 a shekara. Abin da ya kwantar wa mutane da hankali shi ne sun ga maƙwabci ya karɓa da idonsu. A watan Disamba 2016 aka rufe asusun, kuma hukumar inshorar kuɗin ajiya ta NDIC ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 3 sun yi asarar naira miliyan dubu 18.

Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne lokacin da ƙwararre yana cikin gonarsa amma ƙasar ta sauya a ƙarƙashin ƙafarsa. 'Yan kasuwar hatsi sun gaji wata ƙa'ida tun kaka da kakanni, a saya da kaka, a ajiye, a fitar da bazara ko tsakiyar damina. Shekarun 2023 da 2024 sun ƙara musu yaƙini, domin farashi ya yi ta ninkawa bayan cire tallafin mai da sakin naira. Amma a watan Yuli 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, kuma a cikin 2025 farashin hatsi ya faɗi, har da yawa daga waɗanda suka cika rumbuna da kaka suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Idon da ke gane masara mai kyau bai lalace ba. Sai dai idon bai taɓa karanta sanarwar hukumar kwastan ba. In kiɗa ya sauya, wanda ya fi ƙwarewa a tsohuwar rawa shi ne kan fi daɗewa bai ji ba.

To, yaya mai harka zai raba aiki tsakanin zuciya da alƙalami? Tun a 1954 Paul Meehl ya tattara bincike kusan 20 da suka nuna cewa ƙa'ida mai sauƙi, wadda ke auna abubuwa kaɗan a kowane lokaci ba tare da son rai ba, takan yi daidai da hasashen ƙwararre ko ta fi shi. Ga mai ba da kaya bashi, wannan yana nufin tambayoyi uku ko huɗu da ba sa canzawa: sau nawa mutumin nan ya karɓa, sau nawa ya biya a kan lokaci, nawa ake binsa a wasu wurare, wa ya tsaya masa? Fara'a da iya gaisuwa ba sa cikin lissafin, su ne kuwa suka fi saurin shiga rai. Kahneman ya ba da shawarar a fara cika irin waɗannan tambayoyi tukuna, sannan a saurari abin da zuciya za ta ce. Ba korar ta aka yi ba, jinkirta ta aka yi.

Klein ma yana da dabarar da ta dace da manyan shawarwari. Kafin a sa hannu, mai gida ya tara abokan harka da yaransa ya ce su ƙaddara shekara ta zagayo kuma cinikin ya rushe, kowa ya faɗi abin da ya rusa shi. Amfaninta a wajenmu a fili yake, domin yaron shago ba zai dubi ubangidansa ya ce Alhaji wannan ba za ta yi ba, amma in an ba shi wannan ƙofa zai faɗi abin da ya gani.

Mafi haɗari su ne shawarwarin da mutum kan yi sau ɗaya ko biyu a rayuwa, kamar ajiye aiki a kama sana'a, ko zuba kuɗin sallama a wuri guda, ko haɗa jari da wanda aka sani jiya. A nan babu dubban shanun da suka horar da ido, saboda haka natsuwar da ake ji sau da yawa buri ne ya sa rigar sani. Idan rai ya ƙi wani ciniki ba tare da dalili ba, jinkirin kwana biyu ba ya cin kome, kuma mai yiwuwa an hango wani abu kamar jami'in kashe gobarar nan. Idan kuwa rai yana ingiza mutum ya yi sauri kada dama ta wuce, musamman in mai sayarwa ne ke ƙidaya masa kwanaki, a nan ne ya kamata a ɗauko alƙalami a kuma nemi wanda ba shi da ko kwabo a cinikin.

Duk ɗan kasuwar da ke son sanin matsayin idonsa yana iya gwada shi da ɗan littafi. Ya rubuta kowane hasashe a ranar da ya yi shi, da farashin da yake tsammani da ranar da yake tsammaninsa, a kan hajarsa da kuma abin da ba hajarsa ba, kamar canjin dala ko farashin fili. Rubutun yana da muhimmanci domin ƙwaƙwalwa takan adana ranakun da aka dace ta zubar da sauran. Daga kaka zuwa kaka zai tara hasashe 40 ko 50, adadin da ya isa ya ware masa shafukan da jikinsa ke faɗin gaskiya daga waɗanda yake harbi a duhu.