Kafin a aika wa ɗalibi kwamfuta Kafanchan, a duba lafiyar ma'ajiyarta

Ma'aikatan tarayya 'yan asalin Kudancin Kaduna da ke Abuja sukan saya wa 'ya'yansu ko ƙannensu kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, su aika musu reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan ko Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Mai saye yakan duba batir da allo, ya manta da ma'ajiyar SSD, wadda a cikinta kundin binciken kammala karatu zai zauna.

Tsohon faifai mai juyawa yakan yi ƙara ko nauyi kafin ya mutu. SSD kuwa ba ta da abin da ke motsi a cikinta. Ƙwayoyinta suna da iyakar adadin rubutun da za su ɗauka, kuma takan tsaya cak ba tare da gargaɗi ba. Sai dai tana ajiye tarihin kanta ta tsarin SMART, wanda manhajar CrystalDiskInfo ke karantawa kyauta a Windows. Shuɗi alamar lafiya ne, rawaya gargaɗi, ja kuwa haɗari.

Abu huɗu ne ya kamata a duba: kason rayuwar da ya rage, sa'o'in da ta yi a kunne, zafinta, da yawan lokutan da aka kashe ta ba bisa ƙa'ida ba, wanda ma'ajiyar NVMe ke ƙirgawa. Na ƙarshen ya fi shafar ɗalibi a Kafanchan. Idan batirin kwamfuta ya mutu, duk ɗaukewar wuta ko tsayawar janareta yankewa ce ana tsakiyar rubutu, kuma hakan na iya lalata fayil, wani lokaci har ma'ajiyar kanta. Game da zafi, yawancin kamfanoni sun sa iyakar aiki a digiri 70 na Salshiyas, don haka ɗora kwamfuta kan katifa a zafin Maris ganganci ne.

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, mai sayen tsohuwar kwamfuta na da ƙarin dalilin bincike. Dillalin da ya ƙi a yi gwajin minti biyar a gabansa ya riga ya ba da amsa.

Ko da sakamako ya nuna shuɗi, SMART ba ya hango kowace mutuwa. A haɗa wa ɗalibin da filashi, a kuma jaddada masa ya riƙa ajiye kwafin aikinsa a intanet duk mako.