KYAMARAR GABAN MOTA: MAI SHAIDAR DA BA YA MANTUWA

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu iyayenmu ko yayyenmu suna tuƙa a-kori-kura, suna jigilar albasa da dabbobi tsakanin Illela, Gwadabawa da Sakkwato. Idan tsautsayi ya gitta a hanya, kowane direba cewa yake yi shi ne mai gaskiya. A nan ne ƙaramar kyamarar da ake mannawa a gilashin gaba take da rana, domin tana ɗaukar bidiyon hanya muddin mota na kunne.

Wajen saye a lura da abu uku. Na farko, hotonta ya kai 1080p, don lambar motar da ke gaba ta karantu. Na biyu, a zaɓi mai kafasita, ba mai batir ba. Zafin bazararmu yana wuce digiri 40, batir kuwa kumbura yake yi a rufaffiyar mota. Na uku, a haɗa da katin memori mai kyau, 32GB ko 64GB. Idan ya cika, sabon bidiyo ne ke goge tsoho.

Wajen ɗaurawa, a goge gilashi tas, a manna ta bayan madubin tsakiya don kada ta tare wa direba gani. A bi da wayarta ta gefen rufi zuwa wurin cajin waya na motar, sannan a saita kwanan wata da lokaci.

Idan hatsari ya auku, a zare katin nan take kafin bidiyon ya goge, a nuna wa jami'an kiyaye haɗurra. Ku isar da wannan saƙo gida.