Harshe da Maki: Yadda Ake Auna Jar Giyar Inabi a Bordo

Bordo tsohuwar tashar jiragen ruwa ce a kudu maso yammacin Faransa, a bakin kogin Garon da ke gangarawa Tekun Atlantika. Tun 1998 ake shirya bikin giyar inabi a can cikin watan Yuni. Rumfuna kan jeru a gaɓar kogin, baƙo ya sayi tikiti a haɗa masa da kofin gilashi, ya bi rumfa-rumfa ana ɗan tsiyaya masa. Ga Musulmi hukuncin giya a bayyane yake, ba kuma tallarta na zo yi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ɗanɗanon harshen mutum ɗaya ke zama lamba, lambar kuma ta zama kuɗi.

Gwanin ɗanɗano da ido yake farawa. Yakan karkata kofin kan farar takarda ya duba launi: sabuwar giya tana da duhu mai ratsin shunayya, wadda ta daɗe kuwa takan koɗe ta koma kalar jan bulo. Jan nan daga ɓawon inabi yake fitowa, don ana barin ɓawon cikin ruwan lokacin da yake tsima. Sai ya juya kofin ya shinshina, ya kurɓa, ya wana a baki, ya tofar. Dole ya tofar, don wanda zai ɗanɗana kala hamsin kafin azahar in ya haɗiye ai hukuncinsa ya tashi aiki. Yana lura da tsami, da zaƙi, da bauri, irin baurin da goro ko shayin da ya dahu da yawa ke bari a dasashi. Sinadarin tanin ne ke kawo shi, daga ɓawo da ƙwaya da gangar katakon da aka adana giyar.

Makin da aka fi sani a yau, daga 50 zuwa 100, wani lauya Ba'amurke ne, Robert Parker, ya yaɗa shi ta mujallar da ya kafa a 1978. Ya yi ƙarfin da in ya ba kwalba maki 95 zuwa sama, farashinta kan tashi nan take.

To, harshen nan abin dogaro ne? A Mayun 1976 wani ɗan kasuwa Baturen Ingila, Steven Spurrier, ya tara alƙalai Faransawa a Paris, ya ɓoye musu sunayen kwalabe. Da aka tattara maki, giyar Stag's Leap ta Kalifoniya ce ta zo ta ɗaya cikin jajaye, ta doke Mouton-Rothschild da Haut-Brion, manyan gidajen Bordo. Ɗaya daga alƙalan, Odette Kahn, har ta nemi a mayar mata da takardar makinta.

Gwajin da ya fi ba ni dariya a Bordo ɗin kanta aka yi shi, a 2001. Frédéric Brochet ya rina farar giya da jan launi marar ƙamshi, ya miƙa wa ɗalibai 54 masu karatun wannan fanni. Suka shinshina suka yi ta siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja. Ido ya riga hanci yanke hukunci.

Daga baya Robert Hodgson, wanda shi kansa mai gidan yin giya ne, ya gwada alƙalan gasar baje kolin jihar Kalifoniya. Ya riƙa zuba musu giya ɗaya, daga kwalba ɗaya, sau uku cikin jeri ba tare da sun sani ba. Kusan ɗaya cikin goma ne kawai ya iya ba ta maki masu kusanci a duka ukun. Wasu kuwa sun ɗaga ta har matakin lambar zinariya a wani kofi, suka rage mata maki sosai a wani.