Cefanen Mako Guda

Kuɗin cefane ba kasafai buhun shinkafa ke cinye shi ba. A ƙulli yake zurarewa: man gyaɗa na ɗari biyu yau, barkono na ɗari gobe, a aiki yaro shagon bakin layi sau uku kafin azahar. Mai shago galan ya saya ya ƙulla a leda, kowane ƙulli da ribarsa a kai, gida kuwa shi ke biyan ribar nan kullum. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, har hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, wannan ɗigon ya fi ƙarfin magidanta da yawa.

Maganinsa zaman rabin awa ne tsakanin maigida da uwargida a jajiberin kasuwa. A fara duba abin da ya rage a gida, a tsara girkin kwana bakwai, sannan a rubuta abin da za a sayo.

Gwanintar tana wajen sa abu ɗaya ya yi aiki uku. Kwanon wake zai ba da garau-garau ranar Litinin, alala ranar Laraba, ragowar a jiƙa a yi ƙosan Asabar. Tuwon dare a ƙara masa malmala biyu da gangan, da safe ɗumame ya tare kuɗin burodi. Ni a ganina ɗumame da miyar kuka ya fi shayi riƙe cikin ɗan makaranta nesa ba kusa ba. Kayan miya kuma a markaɗa su gaba ɗaya, a tafasa har ruwan ya tsotse, a soya da mai. Ko babu wutar lantarki sai su kai kwana biyu in ana ɗumamawa, an rage kuɗin markaɗe da na gawayi ke nan.

Tsarin ya riƙa bin lokaci. Da rani, sa'ad da tumatirin Kadawa da Kura ke cika kasuwar 'Yankaba a Kano, a sayi kwando a yanka a shanya kauɗa, domin da damina tsadarsa sai mai hali. Hatsi kuwa da kaka ake aunarsa, ko da maƙwabta uku ne za su haɗa kuɗi su sayo buhu a Dawanau su raba.

A ajiye kwanon shinkafa guda a gefe wanda bai shiga lissafi ba, saboda baƙon da zai yi sallama bayan magariba.